Yawon Baƙunta a Damagaram

Mutari ya dawo daga Kwatano
da gishirin teku a bakinsa,
shekara tara yana ƙirgar buhuna a gindin jirgin ruwa.
Ya ce, ku zaga da ni garin nan
kamar yadda ake zagawa da baƙo.
Fanna ta yi dariya har ta dafa bango:
wanda aka binne cibiyarsa a Zango
yau shi ke neman ɗan rakiya!

Da hantsi muka shiga Birni, mu huɗu,
ta inda ganuwa ta gaji ta zauna,
awaki na taka mata kafaɗa.
Lungu ya miƙa mu ga lungu,
kowace ƙofa ta girmi mai gidanta.
A goshin wani soro akwai zanen magina,
ga dagi, ga takobi,
ga wani abu mai ƙafafu da yawa.
Illa ya ce kunama ce, Fanna ta ce matashin kai na sarauta.
Wata tsohuwa tana yankan kuɓewa a zaure,
ba ta ko ɗaga kai ba ta ce:
tun ina amarya nake ganinsa,
ban taɓa tambayar sa sunansa ba.

Wurin dukawa warin jima ya tare mu.
Mutari ya ɗaga wata jar jaka
yana juya ta kamar ɗan yawon buɗe ido.
Baduku ya faɗi kuɗi, sannan ya ƙura masa ido:
kai, ba jikan Gaptiya mai ƙosai ba ne?
Kuɗi ya sauka da rabi,
kunya ta hau ninki biyu.

A kasuwar Dole muka ci kilishi a tsaye,
yaji ya sa Illa hawaye, ya ce tuna baya ne.
Muka nemi bishiyar kurnar lakwal ɗinmu,
muka tarar da shagon cajin waya.
Babu wanda ya ce komai.
Fanna ta gyara mayafi, muka wuce.

Bayan la'asar muka hau duwatsu.
Takalmina ya tsinke a rabin hanya,
na ƙarasa da ƙafa ɗaya a wuta.
Daga sama gari ya kwanta, ja da fari,
ga hasumiya, ga tsohon bariki,
ga ƴan garuwa kamar tururuwa
suna tura jarkoki masu ruwan ɗorawa.
Can ƙarshen ido zafi na rawa a kan fako.
Mutari ya nuna da haɓa:
haka yake, wallahi, haka yake sheƙi,
waɗannan duwatsu kuwa jirage ne da suka yi dakon shiga tasha
har suka manta da tafiya.

Sai ya ciro katantanwar teku daga aljihu,
ƙatuwa, cikinta kamar leɓen jariri.
Ya ce a kara a kunne, a ji igiyar ruwa.
Na kara, na ji iska.
Illa ya kara, ya gyaɗa kai don kara.
Fanna ta daɗe da ita, idonta a rufe,
sannan ta ce: na san wannan kukan,
famfonmu ne ran da aka ɗauke ruwa.

Dariya ta gangara ta riga mu sauka.

Magariba ta same mu a gindin dutse.
Muka sayi buta guda a hannun wani yaro.
Mutari ya tsuguna ya fara kwarara
kamar mai kogi a bayan ɗaki.
Illa ya riƙe masa wuyan hannu:
a hankali, ɗan teku,
mu uku muna bayanka.

Ya dubi butar, ya dubi ƙasar da ta shanye,
ya rage hannu,
ɗigo, ɗigo,
yadda Gaptiya ta koya masa.
A nan baƙuntarsa ta ƙare.